Kwana na ɗari uku, ranar da babu mai ɗaukar hoto

Ƙannena samari, assalamu alaikum.

Kwanakin baya ɗan yayata ya shigo shagona riƙe da leda, baki har kunne. Ya zazzage ta a kan teburin yanka: kambas sabo fari fat, safa ƙafa uku, da wata 'yar gorar ruwa mai maratayi. Wai daga gobe ya fara gudu, kuma ba gudun rage tumbi ba, so yake wata rana ya zagaya duniya da ƙafa kamar wani Bature da ya gani a waya. Na ce Allah ya taimaka, amma ɗauke mini takalmi daga kan shaddar mutane.

Washegari bayan asuba ya fita. Kafin hantsi hotuna huɗu sun hau WhatsApp. Ya zagaya filin wasa na Giginya, bai ishe shi ba, ya miƙi hanyar Birnin Kebbi har ya wuce inda ƙafarsa za ta iya dawo da shi. Ɗan kabu-kabu ne ya sauke shi ƙofar gida. Kwana huɗu yana tafiya kamar mai taka ƙaya, bororo ya tashi a duga-dugansa biyu, in zai zauna sai ya dafa bango. A kwana na shida kambas ya shige ƙarƙashin gado, can kusa da littafin koyon Larabci da ya saya bara.

Na yi masa dariya, ba zan ɓoye ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ban ma san akwai masu yin wannan abu da gaske ba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta keke ya tsaya, sai in ɗauki waya in bi labarinsu. Abin da na tarar ba shi ne abin da yaron nan ya hango ba.

Akwai su, amma ba su da yawa. Wani mutumin Denmark, Jesper Olsen, ya tashi daga Landan ranar 1 ga Janairun 2004, ya ratsa Turai da Rasha, ya bi ta Japan da Ostireliya da Amurka ta Arewa, ya dawo Landan a watan Oktoban 2005 bayan ya ci kilomita 26,232. Wannan adadi nasa shi ya zama ma'aunin da ƙungiyar masu irin wannan gudu ke aiki da shi: kada tafiyar ta gaza haka, kuma a ƙetare aƙalla nahiya huɗu daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Teku kam jirgi ake shiga, ba wanda ke gudu a kan ruwa. Bayansa Tom Denniss ɗan Ostireliya ya yi a kwana 622, ya gama a 2013, sai Kevin Carr ɗan Ingila ya yi a kwana 621, ya gama a 2015, shi kaɗai, yana tura kayansa a keke irin na jarirai. Ku raba kilomitocin da kwanakin, za ku ga kilomita 42 ke faɗowa kowace rana. Tsawon gudun fanfalaki ke nan cif, wanda wasu ke shekara suna shirin yinsa sau ɗaya. Kwana biyu na wannan mutum sun kai shi Illela daga Sakkwato. Kuma a rana ta uku ba hutu zai yi ba.

To ranar tasu fa, yaya take? Nan ne na so yaron nan ya zauna ya saurara.

Mutum ya farka cikin duhu a cikin tanti, ko a ɗakin haya mai araha, ko a gidan wani da ya tausaya masa jiya. Abin farko da zai duba ƙafarsa ce. Ya haska ta, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga wane farce ne ya yi baƙi yana shirin fita, ina fata ta fara ja. Ya shafa mai, ya naɗa filasta a inda takalmi ke gugarsa tun kafin wurin ya fashe. Ya taɓa safar da ya wanke jiya, in ba ta bushe ba ya rataye ta a jikin keke iska ta ƙarasa. Ya naɗe tanti yadda ya naɗe shi jiya da shekaranjiya. Ya dafa ruwan zafi a ɗan risho, ya ci abin da ya samu, ko yana sha'awa ko ba ya yi, domin wanda ke ƙona ƙarfi haka in ya bar cikinsa da yunwa yau, jibi ƙafa za ta ƙi ɗaguwa. Sannan lissafin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In ya ɗauka da yawa, shi zai tura nauyin a kan tudu, in ya rage, ƙishirwa ta same shi a inda ba gida gaba ba gida baya. A kudancin Ostireliya akwai wani fili da ake kira Nullarbor, babu itatuwa, titin da ya ratsa shi akwai wurin da ya miƙe sambal fiye da kilomita 140 ba kwana ko ɗaya, kuma tsakanin wata tasha da wata sai a yi tafiyar kwanaki da ƙafa. Wanda zai shiga nan, gorar ɗan yayata mai maratayi ba za ta kai shi ko'ina ba.

Daga nan sai gudun kansa, wanda in kuka gani za ku raina. Sassarfa ce. Ɗan sakandare mai jini a jika zai wuce shi fuu a kilomitan farko. Awa biyar, awa shida, wani lokaci fiye, yana gefen titi, manyan motoci na watsa masa ƙura, karnuka na biyo shi, ba mai tafa masa. In ya isa masauki, wani aikin ya fara: neman abinci, wankin kaya, cajin waya da agogon da ke auna tafiyar, rubuta inda ya tashi da inda ya tsaya, gyaran tayar keke in ta yi faci, duba taswirar gobe, zancen bizar ƙasar da ke gaba. Ya kwanta da wuri. Gobe ma haka.

Shi ke nan fa. Kwana na ɗari uku ba shi da bambanci da kwana na ɗari biyu da casa'in da tara, kuma babu wanda ya zo ɗaukar hoto.

Wata Bafaranshiya, Marie Leautey, ta ajiye aikin ofis mai albashi, ta fara a ƙarshen 2019 daga Fotugal, annobar korona ta rutsa da ita a hanya, ta ƙarasa a Sidni a 2022 bayan fiye da kilomita 28,000. Tsarinta ya fi komai burge ni. Takan fita da sassafe, ta gama zangonta wajen tsakar rana, ta bar sauran yinin don ci da hutawa, kuma a mako takan ware rana guda ba gudu. Ko ranar da jikinta ya yi mata daɗi, lissafinta na kan gobe. Wannan shi ne abin da yaron nan bai yi ba a hanyar Birnin Kebbi. Ya cinye ƙarfin mako guda a safiya ɗaya, ya koma yana bin jikinsa bashi.

Kada ku ce wannan hikimar Turawa ce. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, watanni suke yi a hanya da jakuna, kuma madugu ba ya yanke zango da ƙarfin saurayin da ya fi kowa zafin nama. Yana duba inda ruwa yake, yana duba dabbar da ta fi rauni, domin ayarin da ya tashi yau dole ya iya tashi gobe. Alhazan ƙafa kuwa, waɗanda suka bi ta Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, shekaru suke yi. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi noman damina ɗaya ko ƙwadago a gonar auduga, ya tara, ya ƙara gaba. Wasu can suka zauna, jikokinsu na nan har yau. Garin Mai Wurno da ke Sudan ma mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka ci gaba da hijira gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Jinin masu doguwar tafiya ne a jikinmu. Abin da ya ɓace mana shi ne haƙurin tsakiyar hanya.

Ina ganin wannan a shagona duk shekara. Uba ya kawo yaro koyon ɗinki, a yi addu'a, a raba goro. Makon farko shi ke riga ni zuwa, ya share, ya goge kekuna. Sai in ba shi maɓalli ya sa, da guga, da kalmasa a kan ƙyallen da ba na kowa ba. Mako na uku ya fara tambaya yaushe zai yanka kaftani. Mako na biyar an ce ya koma sayar da kayan waya, bayan wata biyu kuma wai yana koyon kasuwancin kirifto. Ba rago ba ne, kowanne da zafinsa yake farawa. Wutar kara ce kawai. Wanda ya zauna ya sa maɓalli dubu, shi ne yau ke da shagonsa, har yana ƙwace mini masu ɗinki, ina kuwa jin daɗin hakan.

Ni ma da nake wannan magana ba tsira na yi ba. Wata shekara ana saura mako uku ƙaramar salla na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin hannuna, don kwaɗayi da jin cewa ai zan kwana ina yi. Na kwana uku ban runtsa ba, a na huɗu na yanka wuyan rigar wani dattijo ba daidai ba, shadda mai tsada. Daren salla mutum biyar na zaune a bencin ƙofar shago, ba mai ce mini komai, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Biyu daga cikinsu ba su sake kawo mini ko ɗinkin aljihu ba. Tun daga ranar na san adadin da nake iya gamawa a yini ba tare da na ci na gobe ba, kuma ko wa ya zo, in littafi ya cika ya cika.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Duk mun haddace wannan tun a Islamiyya. Amma ku lissafa: Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Shafi ɗaya a rana, kwana 604. Bai ma kai kwanakin da Kevin Carr ya yi yana tura kekensa ba. Mu nawa ne muka fara hadda da izu guda a mako, don a ce mun fara da ƙarfi, muka tsaya kafin wata ya mutu?

Da na ba ɗan yayata labarin Rosie Swale-Pope ne ya yi shiru. Wannan mata ta bar garinsu Tenby a yankin Wales ranar 2 ga Oktoban 2003, ranar da ta cika shekara 57, bayan ciwon daji ya kashe mijinta. Ita kaɗai, tana jan 'yar amalanke da take kwana a cikinta. Ta ratsa Saiberiya cikin sanyin da hunturunmu ko kusa bai kai ba, kyarketai sun bi ta, mota ta buge ta, nimoniya ta kwantar da ita, sanyi ya ci mata ƙafa a Alaska. Takalmi ƙafa 53 ta kashe. Ta dawo gida a watan Agustan 2008, bayan kusan shekara biyar, tana dogara sanda saboda tsagewar ƙashi. Ya ce, "Kawu, to mi anka ba ta da tag gama?" Na ce ba kofi, ba kuɗin gasa, don ba gasa ba ce. Ta dai tara wa marayu taimako a hanya. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Akwai wata al'ada tasu guda da na fi so ku ɗauka. In mai gudun ya tsaya da yamma a wani wuri, aka ɗauke shi a mota zuwa masauki, gobe sai an maido shi daidai inda ya tsaya, daga nan zai ɗora. Ba zai ce ai kilomita biyu ne kawai, ba wanda ya gani. Yanzu na'ura ce ke rubuta wurin, amma ko babu na'ura, shi ya sani. Ku duba karatunku da sana'arku, ku ƙirga wurare nawa kuka tsallake a mota kuna cewa kun wuce. Babin da ba ku gane ba kuka buɗe na gaba. Ramuwar azumin bara. Bashin da kuka daina ɗaga waya saboda shi.

Kuma kada wani ya ji wannan ya ɗauki jaka ya nufi hanyar Isa ko Sabon Birni da sunan tattaki, kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Kada kuma ya fita gudu da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Iyayenku na buƙatarku da rai.

Da ƙafar yaron ta warke, na ciro alli daga aljihun keke na ba shi. Na ce daga ƙofar gida ka ƙirga falwaya goma, ka ja layi a jikin ta goman, ka juyo. Kada ka ƙara ko ɗaya sai ka yi mako biyu ba fashi, kuma wayar ta kwana gida. Ya ce, "Kawu, wanga ai ko tsohuwa ta yi shi." Na ce to je ka yi.

Ya yi fashi a kwana na tara, wai ya makara. Na ce a koma kwana na ɗaya. Ya yi fushi, ya kwana biyu bai leƙo shago ba, sannan ya sake farawa. Yau da na fito masallaci na bi ta layin, na ga alli a jikin falwaya ta goma sha biyu, ƙasan hoton wani ɗan takara da rana ta ƙoɗar. Kambas ɗin ya daina zama fari, ya koma kalar ƙasar unguwarmu, kuma ɗazu ya aiko a tambaye ni ko ina da sauran filasta.