Kafin ka zana taswira, ka fara shiga rami

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa masu son shiga binciken kabon da ke cikin ƙasar noma. Ina da 'yar magana da ku, kuma ba lallai ta yi muku daɗi ba.

Fannin da kuka hango mai kyau ne, wannan babu ja. Ƙasar da muke takawa, daga samanta zuwa zurfin mita 1, tana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 1,500 daga ruɓaɓɓun tsirrai da ƙananan halittu, kusan ninki biyu na wanda ke yawo a iska. Tun da Faransa ta gabatar da shirin "4 cikin 1,000", mai burin ƙara kabon ƙasa da kashi 4 cikin 1,000 kowace shekara, a taron sauyin yanayi na Paris a 2015, sannan FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da taswirar kabon ƙasa ta duniya a Disambar 2017, jami'o'i da cibiyoyin bincike da kamfanoni suke ta neman waɗanda suka iya awon nan. A 2020 ma masanin ƙasa ne, Farfesa Rattan Lal, ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya.

Abin da ke damuna shi ne, in ka tambayi matasa goma me suke so su koya, yawancinsu kwamfuta za su ambata maka: harsunan rubuta manhaja irin su R da Python, hotunan tauraron ɗan'adam, ƙirƙirarriyar basira. Kowa so yake ya zauna a inuwa ya fitar da taswira mai launi, kore nan, ja can. Ba wanda ke marmarin rami. To ku koyi kwamfutar, dole ce, amma ku sani tauraron Sentinel-2 saman ƙasa kawai yake gani, shi ma sai in babu shuka ko gajimare da ya rufe ta. Abin da ke zurfin santimita 30, inda aka saba tsayar da lissafi, hasashensa manhaja take yi daga samfuran da wani ya durƙusa ya haƙo da hannunsa. In samfurin ya gurɓace, taswirar ƙarya ce da aka yi wa kwalliya.

Bari mu yi lissafi ɗaya tare. Ɗauki hekta 1, zurfin santimita 30. Ƙasar da ke ciki mita 3,000 ce a awon kubik. In kowace mita kubik tana da nauyin tan 1.3, kana da ƙasa tan 3,900. In ɗakin gwaji ya ce kabon kashi 1 ne cikin 100, gonar na riƙe da tan 39. To a ce ganda ta hana ka buga zoben ƙarfe a jikin rami ka busar da ƙasar ka auna nauyinta, sai ka ɗauko 1.5 daga wani littafi ka saka. Nan take lissafi ya koma tan 45. Tan 6 sun ƙaru a takarda, alhali ko ganye ɗaya bai ruɓe a gonar ba. Shi kuwa ƙarin 4 cikin 1,000 da ake fata a shekara, a wannan gonar bai wuce kilo 156 ba. Wato kuskurenka na rana ɗaya ya haɗiye abin da manomi zai yi kusan shekara 40 yana tarawa. Ka sake karanta wannan kafin ka raina aikin zobe da sikeli.

A ɗakin gwaji ma haka abin yake. Za ka shanya ƙasa, ka tankaɗe ta da rariya mai ƙofar milimita 2, ka tsince saiwoyi. Aiki ne mai gundura, ƙura har cikin hanci. Hanyar Walkley da Black ta auna kabon da sinadarai, wadda ake amfani da ita tun 1934, ba ta cinye kabon duka, sai an gyara sakamakonta da lissafi. Injin da ke ƙona samfur ya fi ta daidaito, amma in ƙasar mai farar ƙasa ce a ciki, zai haɗa maka da kabon dutse sai ka fara kawar da shi da asid. Wanda bai san wannan ba zai gwama alƙaluman hanyoyi biyu a teburi ɗaya, ya tashi yana murna wai ya gano sauyi.

Sai maganar gaskiya, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Yanzu kuɗi ya shigo harkar, ana biyan mutane a kan kabon da aka ce ƙasa ta ƙara riƙewa. Wata rana wanda ya ɗauki nauyin bincikenka zai so ya ji cewa an samu ƙari, sakamakonka kuwa yana cewa bambancin bai wuce na kuskuren awo ba. Ka rubuta abin da ka gani, tare da iyakar tabbacinka. Taswirar SoilGrids ta cibiyar ISRIC da ke Wageningen, duk da girman sunanta, tana zuwa da bayanin inda hasashenta ke da rauni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin wani zai koma gonar nan ya sake haƙawa.

Kuma don Allah kada digiri ya sa ka raina mai gona. Shi ya san inda ruwa ke kwanciya, inda aka taɓa ɗaure dabbobi, da gefen da ake ƙona karmami. Hira ta minti 20 da shi za ta hana ka ɗaukar samfur a tsohon juji ka ce shi ne halin gonar baki ɗaya.

Masu gaggawar ganin sakamako kuma, ku dubi cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. Masana biyu, Lawes da Gilbert, sun fara gwajin alkama a gonar Broadbalk da ke can a 1843, har yau ana nomansa, kuma ƙasar da aka ɗebo tun ƙarni na 19 tana nan a ajiye cikin kwalabe, ana buɗewa ana gwada ta da na'urorin da masu ɗebo ta ba su taɓa mafarkinsu ba. Abin da ya sa take da amfani shi ne an rubuta wuri da lokaci a jikin kowace kwalba. Kai ma in ka cika leda, ka rubuta kwanan wata, zurfi da lambar GPS tun kana bakin ramin, ɗaya a waje, ɗaya a takarda ka jefa ciki, da fensir, domin tawada tana gogewa in danshi ya taɓa ta.