A fara maganin hanta ko bai bar tramol ba

Sau da yawa ba ciwo ne ke sa mutum ya san yana ɗauke da ciwon hanta na hepatit C ba. Ƴar uwa ce ta zo haihuwa jini ya yi mata ƙaranci, aka tara samarin gida su bayar, aka gwada, aka ja ɗaya gefe aka ce nasa ba zai yi ba. In yaron nan sananne ne da tramol, ɗan kabu-kabu mai wuni ya kwana a kan babur ko ɗan fada, to maganar da zai tarar a gida guda ce: "Ka bar ƙwaya tukuna, sannan a yi zancen magani." Wani sa'in har ma'aikacin lafiya haka zai ce masa. A ganinmu wannan sharaɗi kuskure ne, kuma hanta ce ke biyan kuɗinsa.

Sharaɗin yana da asali. A da maganin allurar interferon ce, duk mako, wata shida zuwa kusan shekara, da zazzaɓi da baƙin ciki mai tsanani, kuma wajen rabin masu yi ne ke warkewa. Wanda rayuwarsa ba ta daidaita ba, da wuya ya kai ƙarshe. Tun da sofosbuvir ya fito a ƙarshen 2013 zancen ya sauya. Yanzu ƙwaya ce sau ɗaya a rana, mako 12, kuma fiye da 95 cikin 100 suna warkewa sarai. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa duk mai ciwon magani, kuma ba ta gindaya barin shaye-shaye a matsayin sharaɗi ba. Barin ƙwaya na iya ɗaukar shekara biyar ana faɗi ana tashi. Hanta ba ta zauna tana jira ba: cikin masu ɗauke da ciwon, 15 zuwa 30 cikin 100 hantarsu kan ƙandare a cikin shekara 20, mai haɗawa da giya kuwa tasa ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Sai dai kafin a tayar da hankalin gida, a duba takardar da kyau. Gwajin gaggawa na ɗigon jini, wanda ake rubuta anti-VHC, ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawunta yake gani. Yana cewa ne jiki ya taɓa haɗuwa da ita. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida, amma wannan gwaji zai ci gaba da nuna "positif" har ƙarshen rayuwa. Wanda ke yanke hukunci shi ne gwajin PCR, mai ƙidaya ƙwayar cutar a cikin jini. Duk wanda ya ce zai sayar maka da magani a kan gwajin farko kaɗai, aljihunka yake dubawa. Haka kuma wanda ya warke bai kamata ya koma gwajin ɗigon jini ya ce magani bai yi ba. Mutane da dama sun yi kukan banza a nan.

In PCR ya tabbatar, akwai gwaje-gwajen da ba a tsallakewa. Na farko hepatit B. Wannan ba ƙa'idar ofis ba ce: mai ɗauke da B da C tare, in aka kashe C, B na iya farkawa ta afka wa hanta a tsakiyar magani, shi ya sa ake haɗa masa da tenofovir, maganin B, ko a riƙa sa ido a kansa. Wanda ba shi da B kuwa a yi masa rigakafinta, tunda B tana da rigakafi, C ba ta da shi. Sai sida. Sai ASAT da ALAT, gwaje-gwajen jini na lafiyar hanta, da ƙidayar plaket, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, da kreyatinin na ƙoda, da hoton ciki na ekografi. Daga ASAT da plaket likita ke fitar da lissafin da zai nuna ko hanta ta fara ƙandarewa. Plaket ƙasa da 150,000 abin lura ne. Mace kuma a gwada ciki, musamman in za a haɗa da ribavirin, wani ƙarin maganin C, domin yana lalata ɗan tayi, kuma namijin da ya sha shi ma sai ya yi hattara watanni bayan ya gama.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a nan, kuma ya shafi masu tramol kai tsaye. A likitance, tramadol, wato tramol, ba ya wuce miligiram 400 a rana ga mai lafiyayyar hanta. Wanda ake sayarwa a tire da bayan shago akwai mai 200, mai 225, mai 250 a ƙwaya ɗaya, yaro ya jefa biyu ko uku a kofin shayi tun da asuba. Ƙarshenta sai ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki. Gida su ce farfaɗiya ce ko iska, a kai shi a rubuta masa Gardénal ko Tégrétol ba tare da kowa ya ambaci tramol ba. To waɗannan biyun, da phenytoin, suna sa jiki ya zubar da maganin hanta kafin ya yi aiki. Mutum zai shanye kwalba uku cif, bai tsallake rana ɗaya ba, a gwada a tarar cutar tana nan, wataƙila ma ta yi taurin kai ga maganin. Rifampicin na tarin fuka ma haka yake yi, shi ya sa aka saba a gama na tari tukuna. Kar wanda ya ji wannan ya je ya yar da Gardénal ɗinsa da kansa, faɗuwar da za ta biyo baya ta fi muni. Likita ne zai sauya masa da wanda ba ya karo da maganin hanta. Shi tramol ɗin kansa ba ya kashe ƙarfin sofosbuvir. Ɓoye shi ne ke kashewa.

Don haka ranar ganin likita a zuba komai a leda a tafi da shi: sauran katin ƙwaya, kwalbar siro, garin mai magani, har na gyambon ciki. Mai shan sofosbuvir da velpatasvir yana buƙatar tsamin ciki don maganin ya narke, omeprazole kuwa kashe tsamin yake. Ruwan maganin ƙwannafi irin su Maalox a raba su da awa huɗu, kanwa ma a lissafa ta a sahunsu. Mai sida da ke kan dolutegravir ba shi da matsala, wanda ke kan efavirenz sai an ɗaga masa daclatasvir, maganin hantar da ake haɗawa da sofosbuvir, daga miligiram 60 zuwa 90. Mai ciwon zuciya da ke shan amiodarone bai kamata ya taɓa sofosbuvir ba sai da sanin likitan zuciya, bugun zuciya ke sauka ƙasa. Likitan da aka zube wa wannan leda a gabansa ya fara wa'azi, shi ma ya yi wa aikin illa, domin gobe ba za a sake kawo masa ledar ba.

Shan maganin ba wuya. Ko dai sofosbuvir 400 da daclatasvir 60, ƙwaya biyu a tare, ko sofosbuvir da velpatasvir 400/100 a ƙwaya ɗaya. Kwalba tana da 28, kwalba uku kwana 84. Mai ƙandararriyar hanta ana iya tsawaita masa zuwa mako 24. Shawararmu: kar a buɗe kwalbar farko sai an tabbatar da ta biyu da ta uku, domin abin da ya fi karya magani shi ne kuɗi su yanke a wata na biyu, ko a nemi maganin a rasa. Dangi su haɗa kuɗin gaba ɗaya, a saya a farmasi mai lasisi da takardar likita, kwalabe su zauna a hannun uwa ko yaya, a riƙa ba shi ta rana. A ɗaure shan da abin da ba ya sauya lokaci, bayan sallar isha'i misali. Da azumi ma ba abin da ya hana, tunda sau ɗaya ne. In an manta aka tuna kafin awa 18 su wuce a sha, in sun wuce a jira ta gaba, ba a ninkawa. Kuma kar a ajiye kwalba a akwatin babur ko a ɗakin kwano a zafin Afrilu na Damagaram. Ƙasa da digiri 30 ake son ta, gindin randa ya fi, a cikin leda don danshi.

Zancen tsada gaskiya ne, amma a san inda take. Lokacin da sofosbuvir ya fito a Amurka, ƙwaya ɗaya dalar Amurka 1,000 ce. A 2023 an cimma yarjejeniya da kamfanonin da ke yin sa a Indiya a kan dalar Amurka 60 na mako 12 gaba ɗaya ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuɗin da bai kai jaka 40 ba. Farashin bakin masana'anta ne ga gwamnatin da ta saya da yawa. Masar ta gwada mutum kusan miliyan 50 cikin wata bakwai daga Oktoban 2018, ta ba masu ciwon magani kyauta. Mu ma abin nema ke nan, ba ranar 28 ga Yuli, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, kaɗai ba, da ake raba riguna a watse.

Cewa a fara magani ba cewa ba ne a ƙyale zancen tramol. Hantar da ta ƙandare ba ta iya narka tramadol da wuri; abin da ake yarje wa irin wannan mutum miligiram 50 ne duk awa 12, ka kwatanta da 225 sau uku. Amma ragewa ake yi a hankali, mataki-mataki cikin makonni, da likita. Wanda aka yanke wa farat ɗaya, cikin kwana guda zai fara hamma da majina da gudawa da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace, wani har da firgita da jin kamar ana tsira masa lantarki a kai; kwana na biyu da na uku sun fi zafi, a nan ake komawa. Diazepam da giya kuwa yanke su kwatsam na iya kawo faɗuwa da ruɗewar da ke kisa. Shi ya sa ɗaure yaro da mari ko kulle shi a ɗaki ba magani ba ne, kuma ranar da ya fito jikinsa ya manta adadin da ya saba, ya sha irin na da, numfashi ya tsaya. Wata ukun maganin hanta dama ce: yana zuwa likita duk wata, akwai mai kallonsa a matsayin majinyaci, a nan zancen ragewa ke samun kunne.

Don ciwon jiki paracetamol ya isa, kar ya wuce giram 2 a rana in hanta ta ƙandare. Diclofenac da ibuprofen a bar su, suna jawo zubar jini a ciki da taɓa ƙoda. Jiƙe-jiƙen shawara ba ya kashe wannan cuta. Yawancin masu ita idonsu bai taɓa yin rawaya ba, wanda nasa ya yi kuma ya washe, washewar ba warkewa ba ce.

Ƴan uwa, ku daina ware masa kwano da moɗa. Ba a ɗauka ta tuwo, ko gumi, ko sauro, ko musabaha. Jini ne. Reza, askar wanzami, ƙaho, tsaga, abin yanke farce, buroshin haƙori, da allurar da mai yawo da magani ya yi wa mutum uku da ita. A Masar ma allurar tsargiya ta gwamnati da sirinji ɗaya ce ta baza ta, ba shaye-shaye ba, saboda haka kar a yanke cewa ƙwaya ce ta jawo wa yaro. Mai haɗiyar tramol ba ta haɗiya ya ɗauka ba. Wanda ya kai ga yin allurar maye shi ne a bakin rami, kuma ba allurar kaɗai ba, har ruwan da ake narkawa da murfin da ake zubawa da auduga, domin ƙwayar cutar na yin makonni a busasshen jini. Warkewa ba ta hana sake ɗauka. Matar mai ciwon a gwada ta, da ƴaƴan in ita ma tana da shi. Shayarwa ba laifi sai in kan nono ya tsage yana jini.

Ranar da kwalba ta uku ta ƙare a ƙirga mako 12, a rubuta ranar a bayan takardar likita, a ware kuɗin PCR na biyu tun yanzu, domin shi ne aka fi tsallakewa. In bai ga komai ba, an warke. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare zai ci gaba da hoton ciki duk wata shida saboda kansar hanta, kuma in ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko ciki ya kumbura, ko ya fara barcin rana yana ruɗewa da dare, a sa shi a mota zuwa babban asibiti a wannan daren.