Ɓera a jirgi da bindigar kaji: ku yi dariyar, amma ku karanta labarin

Jama'a ni fa ban yarda da masu cewa bai kamata a riƙa raha da labaran jiragen sama ba. A yi raha mana, yo wa zai ji an ce ɓera ya sauke jirgi ya iya rufe bakinsa? A watan Satumban 2024 ne, jirgin kamfanin SAS ya tashi daga Oslo zai je Malaga a Sifen, wata mata ta buɗe abincin da aka ba ta sai ga ɓera ya yi tsalle ya fito da ransa, ƙarshe jirgin a Kofenhagen ya sauka aka sauya wa fasinjoji wani. Duk inda aka saka labarin dariya ake ta yi, kuma wallahi abin da dariya. Abin da ke damuna kawai shi ne yawancinmu a kanun labari muke tsayawa, mu tura wa abokai mu wuce, ba wanda ya tambaya me ya sa matuƙi zai karkatar da jirgi guda saboda ɗan ɓera.

Dalilin wayoyi ne. Jirgi cike yake da wayoyin lantarki a ƙarƙashin ƙafarka da cikin bango, su ke kai saƙo tsakanin matuƙi da inji da fukafukai, ɓera kuwa aikinsa gwaguya, in ya shige can ciki ba mai ganinsa balle ya san wace waya ya ci, kuma kana sama ba gefen titi da za a faka a duba.

Haka ma maganar bindigar kaji, wadda duk wanda na ba wa labarinta sai ya ɗauka wasa nake. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu injiniyoyi a Amurka suka ƙera wata ƙatuwar bindiga mai aiki da matsin iska, a ɗura mata matacciyar kaza mai nauyin kusan kilo biyu a harba wa gilashin gaban jirgi da irin gudun da jirgi ke yi, daga baya har cikin inji ake harbawa yana kunne, don a ga zai fashe ko zai jure. Mutane masu manyan digiri, an tashi da safe an tafi ofis harba kaza! To amma ranar 15 ga Janairun 2009 jirgin US Airways ya tashi daga filin LaGuardia na New York, ko minti biyar bai yi ba ya yi karo da garken dinya, injinan biyu duk suka mutu, Kyaftin Sullenberger ya kwantar da shi a kan kogin Hudson, mutum 155 ba wanda ya rasu. A Koriya ta Kudu kuwa, a Muan, ƙarshen Disambar 2024, abin bai zo da sauƙi ba, mutum 179 suka rasu, kuma masu bincike sun samu gashin agwagwar ruwa da jininta a injinan biyu. Allah ya kiyaye. Idan ka san wannan, sai ka ga mai harba kazar nan rayukan bayin Allah yake ƙoƙarin tsarewa.

Mu ma nan gida ai mun ga namu, a 2005 jirgin Air France ya afka wa shanu a titin saukar jirage na Fatakwal cikin dare, duniya ta yi ta mana dariya, alhali maganar katanga ce da ba ta tare dabba.

Shi ya sa dan Allah masu shafukan barkwanci, ku da kuke da dubban mabiya, in kun saka irin wannan ku ƙara ko layi biyu na dalili a ƙasa, mutane sun fi karanta ku a kan jarida. Kuma maganar ta shafe mu kai tsaye, domin galibin karo da tsuntsu a ƙasa-ƙasa yake faruwa, lokacin tashi ko sauka, kuma juji da mahauta su ke tara angulu da shirwa da balbela. Filin Malam Aminu Kano gari ya riga ya kewaye shi, duk mai zubar da shara a unguwannin da ke gefensa ya kamata a ce wani ya taɓa gaya masa wannan.