Darasin zama ɗan ƙasa: waya ɗaya ta ishe mu farawa a Damagaram

A nan Faransa, tun 2015 aka sabunta darasin tarbiyya da zama ɗan ƙasa a firamare, kuma wasu makarantu suna haɗa shi da kwamfutar hannu. Na ga irin wasan da ake ba 'yata a aji: yara biyu na rigima kan lilo, sai a tsaya a tambaye ta me za ta yi. Ta kira malama, ta raba su, ko ta wuce abinta? Duk wanda ta taɓa, sai a nuna mata abin da zai biyo baya. Daga nan malama ta kashe na'urar, ta ce kowa ya faɗi dalilinsa.

Mu a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko ta Damagaram, mushe (malami) ne ke rubutawa a allo, mu maimaita da Faransancin da ba mu gama ji ba. Mun haddace launukan tuta, mun haddace 3 ga Agusta 1960, ranar 'yancin kan Nijar, amma ba a taɓa tambayar mu ra'ayinmu ba. Wannan tambayar nake yi wa yaranmu kwaɗayi, fiye da na'urar kanta.

Za a ce ina zancen kwamfuta alhali yara na karatu a azuzuwan zana, irin waɗanda gobara ta cinye a Maraɗi a 2021 har aka yi asarar ƙananan yara. Gaskiya ne, gina aji shi ne gaba. Kuma Nijar ta gwada koyarwa ta talabijin tun 1964, abin bai kai ga yawancin yaran ƙasar ba. Don haka ba kwamfutocin tallafi nake roƙo ba.

Abin da ake buƙata shi ne wayar malami ɗaya, ƙaramar lasifika mai cajin rana, da katin memori. A ɗauki muryar labari da Hausarmu: an jera jarkoki a bakin famfo a unguwar Birni tun asuba, sai ɗan wani mai hali ya zo ya tsallake layi. Murya ta tsaya nan. Malami ya ce wa 'yan CP, ƙananan 'yan firamare, su ɗaga hannu, wa ke ganin a ƙyale shi, wa ke ganin a mai da jarkarsa baya. Abin da rinjaye ya zaɓa shi za a kunna. Yaron Damagaram ya san ƙishin ruwa, ba sai an yi masa bayanin adalci da dogon Turanci ba. Haka itacen da ake dasawa ranar 3 ga Agusta: wa zai shayar da shi a lokacin bazara?

Tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, uzurin harshe ya ragu. A yi labaran da harsunan Barebari da Fulani da Buzaye ma, don su ma 'yan aji ne. Malamanmu su rubuta labaran, gidajen rediyon garin su ɗauki muryoyin, mu da ke waje mu haɗa kuɗin lasifikokin.