Fankokin Husum da fankokin Lambar Rimi

Kullum da safe in zan tafi aiki daga ƙauyen da nake zaune kusa da Husum, a arewacin Jamus, sai na ratsa ta tsakanin injinan iska masu samar da wutar lantarki. Dogaye ne farare, kowane da fukafukai uku, suna juyawa a natse, shanu na kiwo a gindinsu. Ban taɓa ganinsu ban tuna da Lambar Rimi ba, domin mu ma a Katsina muna da namu, guda 37, kowane mai ƙarfin kilowat 275, jimilla megawat 10. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ƙirƙiro aikin yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin a garin Rimi, komai ya tsaya cik, aka shafe shekara da shekaru ana cewa an kusa kammalawa. Manyan injinan da ake kafawa yanzu a nan, guda biyu kacal sun kai ƙarfin duka 37 ɗin namu.

Amfanin abin a fili yake. Ba a sayen iska, ba a ɗauko ta a tanka daga Legas, ba ta hayaƙi. A 2023 sama da kashi ɗaya bisa huɗu na wutar da Jamus ta samar daga iska ya fito. Wanda ya taɓa kwana da warin hayaƙin janareta a hancinsa ya san darajar wannan.

Sai dai duk wanda ya ce abin ba shi da aibu bai zauna kusa da shi ba. Akwai wani dattijo maƙwabcina, manomi, da ya gayyace ni shan shayi wata la'asar a lokacin sanyi. Rana ta yi ƙasa, ta faɗa bayan injin, sai inuwar fukafukan ta riƙa giftawa ta tagar kicin, haske, duhu, haske, duhu, a kan teburin da muke zaune. Minti kaɗan kaina ya fara sarawa. Shi ya sa a nan aka ƙayyade cewa inuwar kada ta wuce minti 30 a rana a kan gidan mutum, in ta kai haka a tsayar da injin. Da dare kuma in gari ya yi tsit kana jin hucinsa, wuf, wuf, ba ƙara ba ce mai yawa amma ba ta yankewa. Tsuntsaye da jemagu na mutuwa a jikin fukafukan, kuma in injin ya tsufa bayan shekara 20 zuwa 25, fukafukan nan da wuya a sake sarrafa su.

Na tambayi dattijon yadda yake jure wa wannan. Ya nuna min injin da haɓarsa, ya ce ai yana da hannun jari a ciki. Nan ne na fahimci abin da ya bambanta mu da su. A wannan yanki yawancin gonakin iskan na mutanen ƙauyukan ne. Su suka haɗa kuɗi, suka ci bashin banki, ana raba riba duk shekara, mai gona yana karɓar kuɗin haya yana kuma ci gaba da nomansa, ƙaramar hukuma na samun haraji. In injin ya tsaya kwana biyu, tsohuwar da ke da jari a ciki ce za ta fara buga waya tana tambayar dalili. A Lambar Rimi wa ke da wannan hurumin? Mutanen da aka kafa abin a gonakinsu suna kallonsa ta bayan shinge, kayan gwamnati ne, gyaransa sai an jira hukuma, kayan gyaran kuma sai an jira su daga ƙetare. Wannan ya fi ci min rai fiye da duk jinkirin.

Babban aibin dai shi ne iska ba ta da alƙawari. Jamusawa na da kalma, Dunkelflaute, wato kwanakin da ba rana ba iska. A 12 ga Disambar 2024 aka shiga irin wannan, farashin wuta a kasuwar sari ya haura Yuro 900 a kan megawat ɗaya na awa guda, abin da aka saba saye ƙasa da 100. Wutar ba ta ɗauke ba, saboda suna da tashoshin gas da kwal, suna kuma sayowa daga maƙwabta. Ranar da iskar ta yi yawa kuma sai ka ga an tsayar da injinan, don layukan ba za su iya kai wutar kudu ba. Layin SuedLink mai tsawon kilomita 700 da zai magance haka har yanzu gininsa ake yi. To ina ga mu, da a Oktobar 2024 lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya jefa Arewa cikin duhu sama da mako guda?

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya sani kafin a kafa ko da guda ɗaya: in gudun iska ya ninka, wutar da ake samu tana ninkawa sau takwas, in ya ragu da rabi sai a koma kashi ɗaya bisa takwas. Husum na bakin teku, iska kusan kullum. Tamu ta fi ƙarfi da hunturu, tana tafe da ƙura mai cin ƙarfe, da bazara kuma wani lokacin ko ganye ba ya motsi.

Duk da haka ina goyon bayan wutar iska a gida, 'yan uwa, amma ba ita kaɗai ba. Rana muke da ita a wadace, don haka sola ce uwa, iska ta taimaka mata da dare da kuma lokacin da hazo ya rufe sama. A auna iskar wuri shekara guda cur kafin a zuba kuɗi. A koya wa yaranmu na kwalejojin kimiyya hawa su gyara da hannunsu. Sannan a ware wa mutanen garin kaso a rubuce, wutar ta fara shiga asibitinsu da injinan niƙansu kafin a tura ragowar babban layi.