Ha'incin da wasu kamfanonin yawon buɗe ido ke yi wa baƙi a Badami

Akwai wani ha'inci da wasu kamfanonin yawon buɗe ido suke yi wa baƙi a jihar Karnataka ta ƙasar Indiya, kuma tun da ya faɗo a kaina ban ga dalilin yin shiru ba, musamman ganin yawan 'yan'uwanmu ɗalibai da masu jinya da ke zaune a Bengaluru, waɗanda sukan so su ga wuraren tarihi kafin su koma gida. Kamfanonin suna tallar cewa za su kai mutum Badami da Pattadakal da Aihole a yini ɗaya, da mota mai sanyi da ɗan jagora da kuɗin shiga duk a cikin farashi guda, alhali sun san sarai cewa yadda suke tafiyar da aikinsu ba za a ga ko ɗaya daga cikin wuraren nan gani na kirki ba.

Mun biya kuɗinmu cif a birnin Hubballi da ke jihar bisa alkawarin cewa mota za ta ɗauke mu bayan sallar asuba, domin tafiyar ta haura kilomita 100 kuma a watan Afrilu zafin yankin yakan kusanci digiri 40. Motar ba ta zo ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma babu wanda ya ce mana ko sannu. Da muka ɗauki hanya, maimakon direba ya yi ƙoƙarin cike lokacin da aka ɓata, sai ya ratse da mu wani shagon sayar da zannuwan sari, ya kashe mota, ya ce ba zai tashi ba sai kowa ya shiga ya duba kaya. Fiye da awa guda muka yi a nan, kuma da idona na ga mai shagon ya ja shi gefe ya danƙa masa kamashonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin mu ne muka biya wannan kamashon da ranar da ta gasa mu daga baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne darajar wurin da aka wulaƙanta mana ganinsa. Badami, wadda a da ake kira Vatapi, ita ce hedikwatar daular Chalukya tun wajen shekara ta 540, ta yi fiye da shekara 200 tana riƙe da wannan matsayi, kuma daga nan ne Sarki Pulakeshin na Biyu ya mulki yanki mai faɗi na kudancin Indiya kafin mayaƙan daular Pallava su ci garin a 642, su riƙe shi na ɗan lokaci. A jikin jan dutsen da ke fuskantar tafkin Agastya ne masassaƙa suka fafe manyan koguna huɗu na bauta, ɗaya sama da ɗaya, da ginshiƙai da rufi da zaure, duk daga dutse guda ba tare da an ɗora tubali ko ɗaya ba. Ni Musulmi ne, ban je don bauta ba, na je ne don in ga abin da hannun ɗan Adam ya iya yi da kurfi da guduma shekara 1,400 da suka wuce, kuma wannan gani yana bukatar natsuwa da lokaci.

Mun isa da tsakar rana, matakalan dutsen sun yi zafin da ba a iya dafa su da hannu. A bakin ƙofa aka ce mu sayi tikiti, muka ce ai mun riga mun biya, sai ɗan jagoran ya ce abin da kamfani ya lissafa kuɗin ɗan ƙasa ne, wato rupi 25, mu kuwa baƙi rupi 300 za mu bayar kowannenmu. Sun ga fasfo ɗinmu tun ranar da suka karɓi kuɗi, sun san mu baƙi ne, saboda haka wannan ba mantuwa ba ce, yaudara ce da aka shirya.

A kogo na farko, inda aka sassaƙa siffar Shiva, abin bautar mabiya addinin Hindu, mai hannu 18 yana rawa, ɗan jagoran bai yi minti biyar ba ya fara tafa hannu yana cewa mu wuce. A na biyu ya nemi inuwa ya zauna, ya ce sauran duk iri ɗaya ne, babu amfanin hawa. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Kogo na uku shi ne mafi girma kuma mafi kyawun aiki, a cikinsa ne rubutun Mangalesha, ƙanin sarkin Chalukya na lokacin, yake, wanda ya nuna an keɓe kogon don bauta a shekara ta 578, kuma a rufinsa har yanzu ana iya hango ragowar fentin zamanin idan mutum ya tsaya idonsa ya saba da duhu. Na hau ni kaɗai, na tsaya gaban siffar Vishnu, wani abin bautar Hindu, zaune a kan maciji mai naɗi, ina kallon yadda aka fitar da kowace ƙwayar abin wuya daga dutse, sai ga direba yana ta danna oda daga ƙasa. Kogo na huɗu na mabiya addinin Jain ne, inda aka sassaƙa Bahubali, wani da suke girmamawa, tsaye tsirrai sun nannaɗe ƙafafunsa, amma leƙe kawai na yi masa na sauko.

Babu wanda ya gargaɗe mu game da biran wurin, duk da cewa duk mai aiki a nan ya san halinsu. Wata dattijuwa da muke tare da ita, wadda ta zo Indiya jinyar gwiwa, biri ya fizge gorar ruwanta a tsakiyar matakala har ta kusa faɗuwa, kuma babu ko ɗigon ruwa a motar da aka ce an tanadar mana komai. Da na ce a ba mu ɗan lokaci mu yi azahar a tsohon masallaci mai ƙubba da ke gindin dutsen, sai direban ya ce lokaci ya ƙure, shi da ya ɓarnatar da awa guda a shagon zane.

Pattadakal, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, mun biya rupi 600 kowannenmu muka shiga, ba mu gama zagaya haikalin Virupaksha da Sarauniya Lokamahadevi ta gina wajen shekara ta 740 ba aka kira mu mota. Aihole kuwa, mai haikalai fiye da 100, ko hanyarta ba a bi da mu ba.

Da na koma ofishinsu na nemi a mayar mana da kuɗin tikiti da na Aihole da ba mu je ba, sai ma'aikacin ya ce zafin rana ba laifinsu ba ne, ya yi mini tayin ragi a tafiya ta gaba. Na ƙi, kuma har yanzu ina bin su kuɗin. Duk ɗan'uwan da ya yi niyyar zuwa, ya shiga jirgin ƙasa zuwa tashar Badami, wadda ke da nisan kimanin kilomita 5 daga gari, ya kwana a can, ya hau kogunan da zarar an buɗe ƙofa da safe, ya bar Pattadakal da Aihole zuwa washegari, kuma kada ya miƙa wa kowa kuɗinsa gaba ɗaya sai an rubuta masa a takarda cewa tikitin baƙo ne aka lissafa.