A Daina Yi wa Mai Jin Jiri Gori a Kan Dutse

A hunturun bara na bi wasu abokai hawan Dutsen Kufena, wanda yake kusa da Wusasa a Zariya, kuma tun daga ranar nake son in yi magana a kan yadda muke yi wa mutumin da tsoro ya kama shi a bisa. Mun tashi bayan sallar asuba. Da farko tafiyar ba ta da wuya, domin akwai ciyayi da manyan duwatsun da mutum zai dafa. Amma da muka isa inda dutsen ya zama falale, sumul, babu bishiya balle matakala, sai na waiwaya. Na hango gidaje sun ƙanƙance, gonaki sun shimfiɗu cikin hazo har iyakar ganina, nan take gwiwoyina suka saki, tafin hannuna ya jiƙe da gumi duk da sanyin da ake yi, na ji kamar dutsen ne da kansa yake karkata yana neman zubar da ni.

Abin da ya fara shiga kunnena dariya ce. Wani ya ce, "Haba, kai fa namiji ne!" Wani kuma ya ciro waya zai ɗauki bidiyo. Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida, to a ranar su biyun suka tarar da ni wuri guda, kuma kunyar ce ta fi kusa halaka ni, domin ita ta sa na yunƙura zan ci gaba da sauri alhali ƙafafuna suna karkarwa.

Babban cikinmu ne ya dawo da baya, ya tsuguna a gabana yadda jikinsa ya kare mini gangaren, ya ce, "Ƙanena, zauna tukuna. Kada ka dubi gari, dubi takalmina." Na ce, "Yaya, ba zan iya ba." Ya ce, "Ai ba a ce ka tashi ba, ja numfashi a hankali." Na zauna na ƙura wa takalmin ido. Har yau ina tuna igiyarsa da ta tsinke aka ƙulla, da wani siririn tsagi a jikin dutsen kusa da ƙafarsa, wanda busasshiyar ciyawa ta fito daga ciki. Kafin wani lokaci jirin ya lafa, duniya ta daina juyawa.

Daga baya na gane cewa abin da ya yi yana da tushe a ilimin jikin ɗan Adam. Tsayuwar mutum daidai ta dogara ne da abubuwa uku: wani sashe na cikin kunne, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi, da kuma ido. Ko a tsaye muke cik, jiki yana ɗan rangaji, ido kuwa yana gyara wannan rangajin ta hanyar auna shi da abin da yake kusa, kamar bango ko bishiya. A saman dutse abubuwan da ido yake gani sun yi nisa, sai saƙonsa ya saɓa da na kunne da na ƙafa, rangajin ya ƙaru, jiri ya taso. Shi ya sa zama da kallon abu na kusa suke kawo sauƙi. Tun a 1960 masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Eleanor Gibson da Richard Walk, suka ɗora jarirai masu rarrafe a kan gilashi mai ƙwari wanda ƙarƙashin rabinsa yake kamar rami, kuma mafi yawansu suka ƙi tsallakawa ko da iyayensu mata suna kiran su. Wani bincike da aka wallafa daga Jamus a 2013 ya gano cewa kusan kashi 28 cikin 100 na mutanen da aka tambaya sun taɓa fama da rashin jure kallon ƙasa daga bisa. Ina ragwanta a nan? Kuma ina dalilin da za a ce wa mutum aljanun dutse ne suka taɓa shi, kamar yadda na ji wani yana faɗa da muka sauko?

Na san akwai masu cewa idan ba a matsa wa mutum ba, ba zai taɓa rabuwa da tsoron ba. Akwai gaskiya a ciki, domin hanyar da masana halayyar ɗan Adam suka fi amfani da ita wajen maganin irin wannan tsoro ita ce fuskantar abin da ake tsoro. Sai dai suna yin haka ne daki-daki, da yardar mai tsoron, a wurin da babu haɗari. Wannan daban yake da a tunzura mutum da gori a kan falalen dutse, inda zamewa ɗaya ta isa, musamman da damina lokacin da gansakuka take sa santsi. Wanda ya shirya hawa ya kira jama'a, amana ya ɗauka. Ya kamata ya tambaya tun daga gindin dutse ko akwai mai jin jiri, ya sa mai haƙuri a bayan ayari, ya kuma tuna cewa saukowa ta fi hawa tayar da hankali, tunda a lokacin fuskar mutum tana kallon gangaren ne kai tsaye.

A ranar ban kai ƙololuwa ba. Da jan gindi na sauko wani ɓangaren, Yayan nan yana gabana yana nuna mini inda zan sa ƙafa. Bayan wata biyu na je Kano na hau Dala, inda akwai matakala, na riƙa tsayawa ina hutawa, ina duban birnin kaɗan sannan in mayar da idona kan matakalar. Da na koma Kufena ni da shi kaɗai, na wuce wurin da na durƙushe a karon farko, na ga tsagin nan da ciyawarsa, gabana yana faɗuwa, amma ƙafafuna suna ɗauke da ni.